Difrag ya tsaya cak a kashi 37: in kashe kwamfutar ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kwamfutata mai Windows 10 ta yi nauyi, sai na kunna Optimize Drives domin ya yi wa faifan ajiya difrag. Ya kai kashi 37 ya tsaya, yau awa uku ke nan lambar ba ta motsa ba. Ya daskare ne? In danne maɓallin wuta?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ɗaga hannunka daga maɓallin wutar tukuna. Lambar nan da kake kallo ba abin dogaro ba ce. Aikin difrag shi ne kwaso gutsattsarin fayil da suka warwatse a faifai ya jera su wuri guda, kuma idan ya ci karo da ƙaton fayil, kamar bidiyo mai gigabait da yawa, zai iya shafe lokaci mai tsawo yana ɗawainiya da shi lambar tana nan inda take. Ga shi kuma Windows na gudanar da shi a sahun baya, kowace manhaja da ka buɗe ita ake fara sallama.

Abin da za ka duba shi ne faifan kansa. Danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga Performance ka zaɓi faifan. Idan saurin karatu da rubutu na hawa da sauka, megabait na wucewa, to aiki yake, ka bar shi ya kwana. Abin tsoro shi ne ka ga faifan ya cika kashi 100 na aiki amma abin da ke wucewa kusan sifili ne. Kara kunnenka jikin kwamfutar. In ka ji ƙas, ƙas, shiru, ƙas, ƙas, allurar da ke karatu da rubutu a kan faifan ce ke ta komawa kan wani gurbi da ya lalace tana kasa karanta shi. A nan difrag ba magani ba ne, wahalar da mara lafiya ne. Danna Stop a tagar Optimize Drives, babu abin da zai ɓace don ka tsayar da shi ta wannan hanya, sannan ka kwashe muhimman fayilolinka zuwa wani faifan kafin komai. Na sha ganin wanda ya fara da gyara, faifan ya ƙarasa mutuwa a tsakiyar gyaran, hotunan shekaru suka tafi. Bayan ka kwashe, manhajar CrystalDiskInfo za ta nuna maka lafiyar faifan. In ta nuna launin rawaya, fara neman sabo.

Idan babu wannan ƙara, duba sarari. Microsoft ta ce difrag na buƙatar aƙalla kashi 15 na faifai a buɗe, domin nan yake ajiye gutsattsari kafin ya jera su. Faifan da ya cika maƙil kamar ɗaki ne da kaya suka kai bakin ƙofa, ba inda za a juya. Goge abin da ba ka buƙata, ka buɗe Command Prompt, tagar rubuta umarni, da ikon mai gudanarwa (Run as administrator), ka rubuta chkdsk C: /f, umarnin bincike da gyara kurakuran faifai, ka amsa da Y, ka sake kunna kwamfutar. Daga nan ka koma Command Prompt ka gwada defrag C: /U /V, wanda zai riƙa nuna maka inda ya kai a rubuce.

Ba ka faɗi irin faifanka ba. Duba ƙarƙashin Media type a tagar Optimize Drives. In SSD ne (Solid state drive), wato ma'ajiyar da ba ta da faifai mai juyawa a ciki, ba shi da allura ballantana ta yi yawo, kuma abin da Windows ke aika masa shi ne umarnin TRIM, mai sanar da shi guraben da aka daina amfani da su, wanda kan ƙare cikin ɗan lokaci kaɗan. In shi ne ya tsaya awa uku, matsalar ba ta gutsattsarin fayil ba ce, ka kwashe kayanka ka duba lafiyarsa yau.