Tambaya da Amsa: Gyaran da Ke Ɗaga Shafin Intanet a Sakamakon Bincike

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da shafi a intanet inda nake rubutu a kan gyaran wayar hannu. Wani abokin sana'a ya ba ni shawara cewa idan ina son mutane su same ni a Google, in riƙa maimaita kalmar da nake so a neme ni da ita sau da yawa a cikin kowane rubutu, sannan in cika gurbin kalmomin bincike da ke cikin HTML na shafin, wato harshen kwamfuta da ake gina shafi da shi. Na bi shawarar, amma har yau rubuce-rubucena ba sa fitowa a inda ido zai gan su. Ina kuskuren yake? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Shawarar da aka ba ka ta yi aiki a wani zamani, amma zamanin ya wuce tuntuni. A shekarun 1990 injinan bincike sun dogara ƙwarai da ƙirga sau nawa kalma ta fito a shafi, shi ya sa masu wayo suka riƙa cusa kalmomi ba kai ba gindi, har da rubuta su da launin da ya saje da bangon shafin don kada mai karatu ya gan su. Google, wanda Larry Page da Sergey Brin suka kafa a 1998, ya zo da dabarar duba waɗanne shafuka ne ke nuni zuwa ga wani shafi, kuma tun daga lokacin yake ta toshe hanyoyin ha'inci ɗaya bayan ɗaya. A 2009 kamfanin ya fito fili ya ce ba ya amfani da wannan gurbi na kalmomin bincike wajen jera sakamako, saboda haka duk abin da ka zuba a ciki bai ƙara maka komai ba. A 2011 sauyin da aka sa wa suna Panda ya sauko da shafukan da rubutunsu ba shi da nauyi, a 2013 Hummingbird ya karkata binciken zuwa ga ma'anar tambaya gaba ɗayanta, a 2019 kuma BERT ya ƙara wa injin fahimtar yadda kalmomi ke jingina da juna a cikin jimla. A yau cusa kalmomi yana cikin abubuwan da dokokin Google suka haramta, kuma yana iya ja wa shafi koma baya.

Abin da ya kamata ka sa a gaba shi ne buƙatar mutumin da ke riƙe da waya yana rubuta tambaya. Ɗauki wanda ya rubuta cewa, "me ya sa batirin wayata ke saurin ƙarewa?" Wannan bawan Allah dalili yake nema da mafita. Idan ya buɗe shafinka ya tarar da sakin layi uku a kan tarihin wayar hannu, zai juya ya koma wurin wani kafin ya kai ga inda amsar take. Amma idan tun daga farko ka gaya masa cewa hasken allo da ya yi yawa, da manhajojin da ke aiki a ɓoye, da raunin sabis da ke sa waya ta yi ta lalubar eriya, da zafi, da tsufan batiri bayan ɗaruruwan caji su ne manyan dalilai, sannan ka bi kowanne ka nuna masa inda zai taɓa a saitin wayar, to ka gama masa aiki. Ka lura kuma cewa a cikin wannan bayani kalmomi irin su caji, allo, saiti da zafi sun shigo da kansu ba tare da ka tilasta su ba, kuma irin wannan haɗuwar kalmomin ce ke nuna wa injin bincike cewa marubucin ya san abin da yake magana a kai.

Wannan ba ya nufin ka guji kalmar da ake neman ka da ita. Sanya ta a taken shafin, da babban kanun rubutun, da cikin sakin layi na farko, da duk inda magana ta kawo ta, sannan ka rabu da ita. Abin da na fi so ka kiyaye shi ne kowane rubutu ya ɗauki buƙata guda. Matsalar batiri shafinta daban, fashewar gilashi nasa daban, wayar da ta faɗa ruwa nata daban. Haka nan kada ka rubuta shafuka huɗu a kan tambaya guda da ɗan bambancin kalmomi, domin za su riƙa gogayya da juna, injin ya rasa wanda zai gabatar. In kana son sanin ainihin kalmomin da mutane ke rubutawa kafin su ga shafinka, yi rajista da Google Search Console, kyauta ne. A can za ka ga tambayoyin, da sau nawa aka nuna shafinka, da sau nawa aka latsa shi, kuma sau da yawa za ka tarar mutane ba sa faɗin abin kamar yadda masu sana'a ke faɗinsa.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Nakan rubuta take ga kowane shafi, amma idan na duba a Google sai in ga an yanke shi ko an sauya shi da wani daban. Haka ma ɗan bayanin da ke ƙarƙashin taken. Shin akwai amfani in ci gaba da wahalar rubuta su? Daga wata mai karatu.

Amsa: Akwai amfani sosai, 'yar'uwa, kada ki daina. Take shi ne abu na farko da mai bincike ke gani, kuma yana daga cikin abubuwan da injin ke dubawa don gane abin da shafi ya ƙunsa. Yankewar da kike gani daga faɗin allo take, domin wurin da aka ware wa taken ba ya ɗaukar fiye da haruffa 60 ko kusa da haka, saboda haka ki sa muhimmiyar magana a farko, sunan shafinki kuma ya zo a ƙarshe. Game da sauyawa, a watan Agustan 2021 Google ya sanar da sabon tsarin da yake bi wajen fitar da take, kuma yakan yi watsi da na mai shafi ne idan ya yi tsawo ainun, ko an cika shi da kalmomi masu maimaituwa, ko bai faɗi komai ba, ko kuwa duk shafukan suna ɗauke da take iri ɗaya. Take irin "Gida, barka da zuwa" ba ya gaya wa kowa abin da ke ciki, alhali "Yadda za a ceto wayar da ta faɗa ruwa" ya faɗi komai a taƙaice. Idan taken ya dace da babban kanun da ke cikin shafin, wato wanda aka yi wa alamar H1, da wuya a taɓa miki shi.

Shi kuwa ɗan bayanin da ke ƙasa, Google ya bayyana cewa ba ya amfani da shi wajen jera sakamako, kuma sau da yawa yakan tsamo wani yanki daga cikin rubutun idan ya ga ya fi dacewa da tambayar da aka yi. Duk da haka, a lokutan da ya nuna naki, shi ne ke sa mutum ya latsa ko ya wuce. Jimla ɗaya ko biyu, kimanin haruffa 150 zuwa 160, da ke faɗin gaskiyar abin da za a tarar, sun wadatar. Ƙananan kanun cikin rubutu, masu alamar H2 da H3, ki yi amfani da su don raba magana kashi-kashi, kada ki mai da su hanyar ƙara girman haruffa kawai, domin masu larurar gani da ke sauraron shafi ta manhajar karanta allo da su suke tsallakawa daga sashe zuwa sashe.

Tambaya: Malam, shafina cike yake da hotuna, kuma a waya yana daɗewa bai buɗe ba. Da gaske ne wannan yana rage masa matsayi? Daga wani mai karatu.

Amsa: Da gaske ne, ɗan'uwa, kodayake tasirinsa a kan matsayi bai kai yadda wasu ke zuzutawa ba. Shafi mai sauri da amsa maras kyau ba zai wuce shafi mai ɗan nauyi da amsa gamsasshiya ba. Inda nauyin ya fi yi maka ɓarna shi ne wurin mutane, waɗanda ba za su zauna suna kallon farin allo ba.

A 2020 Google ya fitar da ma'aunai uku da ya kira Core Web Vitals, kuma daga 2021 suka shiga cikin abubuwan da yake la'akari da su. Na farko yana auna lokacin da mafi girman abin da ke shafin ke ɗauka kafin ya bayyana, kuma ana son kada ya wuce daƙiƙa 2.5. Na biyu, wanda aka sabunta a watan Maris na 2024, yana auna saurin da shafi ke amsawa idan an taɓa shi, kuma ana son kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Na uku yana auna yadda abubuwa ke zamewa daga wurinsu yayin da shafi ke buɗewa, irin wanda za ka kai yatsa kan wani maɓalli sai hoto ya faɗo daga sama ya ture shi, ka latsa talla ba da niyya ba. A nan ana son makin ya tsaya a 0.1 ko ƙasa da haka. Shigar da adireshin shafinka a PageSpeed Insights, shafin Google na auna saurin shafuka, zai nuna maka inda kake a kowanne.

Ga shafi irin naka, yawancin maganin yana wurin hotunan. Hoton da kyamara ta ɗauka mai faɗin ɗigo (pixel) 4,000 ba shi da dalilin hawa shafi a haka alhali allon waya ba zai nuna ko rabinsa ba. Rage girmansa, ka matse shi, ka adana shi a tsarin WebP da Google ya fitar a 2010, wanda yawanci ya fi JPEG sauƙin nauyi. Rubuta faɗi da tsawon kowane hoto a cikin HTML don a tanadar masa gurbi tun kafin ya iso, hakan ke hana zamewar da na ambata. Hotunan da ke can ƙasa ka sa su jira sai mai karatu ya gangaro kusa da su, amma kada ka yi wa babban hoton da ke sama haka, domin shi ake jira. Sannan ka ba kowane hoto suna mai ma'ana da gajeren rubutun da ke bayyana shi. Fayil mai suna IMG2041 ba ya gaya wa kowa komai, amma bayani irin "batirin waya da ya kumbura ya ɗaga murfin baya" yana amfanar makaho da injin bincike a lokaci guda. Ka tuna kuma cewa Google ya fara komawa duba sigar waya ta shafuka a 2018, ya kuma sanar da kammala sauyin a 2023, don haka duk rubutun da ke fitowa a kwamfuta amma babu shi a sigar waya, tamkar ba ka rubuta shi ba ne.

Tambaya: An ce mini rubutu sai ya kai kalmomi 2,000 kafin Google ya ɗauke shi da daraja. Haka ne? Daga wata mai karatu.

Amsa: Ba haka ba ne, Malama. Google da kansa ya ce ba shi da wani adadin kalmomi da yake fifitawa. Tambayar da jimla biyar za su amsa, a amsa ta da jimla biyar, wadda kuma ke buƙatar dogon bayani a ba ta haƙƙinta. Jan magana don cika adadi yana binne amsar ne kawai.

Tambaya: Malam, ina da tsofaffin rubuce-rubuce masu yawa da babu mai ziyartarsu. In goge su in fara sababbi, ko akwai abin da zan yi musu? Kuma bayan gyara, yaushe zan ga sakamako? Daga wani mai karatu.

Amsa: Kada ka yi gaggawar gogewa, ɗan'uwa. Fara duba ko akwai hanyar da ke kai wa gare su daga cikin shafinka, domin Googlebot, manhajar da ke yawo tana tattaro shafuka, mahaɗai, wato kalmomin da ake latsawa su kai mutum wani shafi, take bi daga wannan zuwa wancan, kuma rubutun da babu wani mahaɗi da ke nuni zuwa gare shi yakan zama maraya. Daga rubuce-rubucenka da suka fi samun baƙi, ka saka mahaɗai zuwa tsofaffin da ke da alaƙa da su, kuma kalmomin da za a latsa su faɗi abin da ke gaba. "Yadda ake sauya gilashin waya" ya fi "latsa nan" amfani nesa ba kusa ba.

Bayan haka ka tace su. Wanda bayaninsa ya tsufa, ka sabunta ainihin abin da ke ciki, sauya kwanan wata kaɗai ba gyara ba ne. Waɗanda ke magana a kan abu guda, ka haɗe su su zama rubutu ɗaya mai ƙarfi, sannan ka karkatar da tsofaffin adireshin zuwa sabon ta hanyar umarnin da ake kira 301, wanda ke shaida wa injin cewa ƙaurar ta dindindin ce, don kada darajar da suka tara ta salwanta. Idan kuwa dole rubutu guda ya fito a adireshi biyu, akwai alamar da manyan injinan bincike suka amince da ita tun 2009 wadda ke nuna wanne ne na asali. Adireshin sababbin rubuce-rubuce ka sa su zama gajeru masu karantuwa, da kalmomi a rabe da ƙaramin layi (-), amma kada ka sauya adireshin tsohon shafin da ke aiki lafiya don kawai ya yi kyau. Tabbatar kuma shafin gaba ɗaya yana kan HTTPS, tsarin da ke tsare bayanai tsakanin shafi da mai karatu, wanda Google ya sa cikin ma'aunansa tun 2014, kuma tun 2018 Chrome ke yi wa shafukan da ba su da shi tambarin rashin tsaro. Sai wanda ba shi da amfani ga kowa, ba kuma zai gyaru ba, shi ne za ka goge.

Batun lokaci kuwa, sannu ba ta hana zuwa. Wasu sauye-sauyen kan bayyana cikin kwanaki, wasu sai an yi watanni, domin sai Googlebot ya sake zagayowa ya karanta shafin, sannan a sake auna shi da takwarorinsa. Kana iya roƙon a sake duba adireshin da ka gyara ta cikin Search Console. Rubuta ranar da ka yi kowane gyara, kada ka sauya abubuwa goma a shafi guda lokaci ɗaya, ka bar 'yan makonni su wuce, sannan ka kwatanta yawan nunawa da yawan latsawa na kafin gyaran da na bayansa.