Garin "ƙashin dainoso" da zanen Dutsen Mesa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Birnin Kudu. Wani mai magani ya zo cin kasuwarmu da gari a ƙulle, wai ƙashin dainoso ne, dabbar da aka zana a Dutsen Mesa, kuma wai yana maganin sanyin ƙashi. Mahaifiyata har ta fara zubawa a kunu. Hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kafin komai ka lallaɓa Hajiya ka karɓe garin nan yau.

Shanu ne aka zana a Dutsen Mesa da Dutsen Habude na Birnin Kudu, marasa tozo, wasu da dogayen ƙaho. Mai zanen abin da idonsa ya gani ya zana. Dainoso, wato dabbobin zamanin da masu kama da manyan ƙadangaru, sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce, ɗan Adam irinmu kuwa bai fi shekara 300,000 a doron ƙasa ba. Zanen da muke kira na mutanen da, a lissafin dutsen da yake kansa jiya-jiya aka yi shi. Su kansu duwatsun naku narkakken dutse ne da ya daskare, ƙashi ba ya zama a cikinsu. In ƙashin dainoso ake nema, sai ka je irin su Gadufawa a hamadar Nijar, inda aka tono wani dainoso mai suna Nigersaurus, mai haƙora sama da 500.

Abin da ya ishe ni shi ne wannan magana ta cewa duk abin da ya tsufa magani ne. Mu ɗauka ma na gaske ne. Ƙashin da ya yi shekara miliyan 110 a binne ya riga ya zama dutse, ma'adanai sun cike shi, wani har yuraniyom, ma'adani mai guba, yake tsotsa daga ruwan ƙasa. Dakakken dutse kenan ake ba tsohuwa. Mun manta 2010 ne, lokacin da gubar dalma daga dutsen zinare da ake niƙawa a gidaje ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara? Wasu kuma ƙwayar kashe zafi suke dakawa a ciki. Gwiwa ta lafa kwana biyu, a ce magani ya ci, ƙoda tana can tana shan wahala. Mai maganin ya naɗe tabarmarsa ya wuce kasuwa ta gaba, babu lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, babu inda za a same shi. Ku ji tsoron Allah, masu wannan sana'a, iyayen mutane kuke ɗura wa ƙasa!

Ka kai Hajiya asibiti da ragowar garin a hannu, a duba ƙodarta da gwiwar. Allah ya ba ta lafiya.