Daniel Boone da iyalinsa

Malam, ka tambaya ko Daniel Boone, maharbin nan da ya share wa Turawa hanyar shiga yankin Kentucky a Amurka, yana da iyali ko kuwa ɗan daji ne kawai. Yana da su, kuma su suka fi shan wuyar rayuwarsa.

An haife shi a 1734 a Pennsylvania. Ya auri Rebecca Bryan a 1756, Allah ya ba su 'ya'ya 10. A 1773, yunƙurinsa na farko na kai iyali Kentucky, 'yan asalin ƙasar suka kashe babban ɗansa James a hanya. Kada mu manta, ƙasarsu ce ake shigar musu, su ma kare ta suke yi.

Ya kafa garin Boonesborough a Kentucky a 1775, shekarar da yaƙin neman 'yancin Amurka ya ɓarke, ya shiga cikin dakarun sa-kai. A 1776 aka sace 'yarsa Jemima, ya bi sawu ya ƙwato ta. A 1778 Shawnee, wata ƙabila ta 'yan asalin ƙasar, suka kama shi, shugabansu Blackfish ya riƙe shi kamar ɗa, sai bayan wata huɗu ya gudo. Ya tarar Rebecca ta kwashi yara ta koma North Carolina, tana zaton ya mutu. Ita nake tausaya wa, wallahi. Sannan a yaƙin Blue Licks na 1782 aka kashe ɗansa Israel suna tare a fagen daga.

Filayen da ya yi wa wahala kuwa, rikicin takardu da bashi suka cinye. Ya ƙaura Missouri a 1799, can ya rasu a 1820.