Idan Fada ya shafe marar lafiya, sallama ce da duniya?

Tambaya: Fada, barka da aiki. Babanmu yana kwance a asibiti da ciwon ƙoda, likitoci sun ce za su yi masa aiki mako mai zuwa. Na ce a kira Fada ya shafe shi, sai Mama ta fashe da kuka, baffanninmu kuma suka ce ina yi masa fatan mutuwa, wai duk wanda aka shafa wa man nan ba ya tashi. Hankalina ya ƙi kwanciya. In kira ko in bari?

Amsa: 'Yata, sannu da jinya, Allah ya ba Baba lafiya. Ki kira Fadan cocinku yau, kada ki jira ranar aikin. Wanda za a yi wa babban aiki saboda ciwo mai tsanani ya cancanci wannan sakramenti na Cocin Katolika, wato shafe marar lafiya da mai tare da addu'a, haka ma tsohon da ƙarfi ya ƙare masa.

Maganar baffanninki kuwa ta ishe ni, don kullum sai na ji ta, har daga bakin dattawan coci. Ga inda ta samo asali: ba a kiran Fada sai numfashi ya fara sarƙewa. Fada ya zo a guje ya shafa mai, jim kaɗan mutum ya cika, sai a ce man ne. Wannan daidai yake da a kira 'yan kwana-kwana bayan wuta ta cinye gida, sannan a ce motarsu ce ke kawo gobara. Ku buɗe Littafi Mai Tsarki, Yakubu 5:14-15. Marar lafiya aka ce ya kira dattawan ikkilisiya su yi masa addu'a su shafe shi da mai, kuma alkawarin da ke wurin na ceto ne, da tashi, da gafarar zunubi. A Markus 6:13 manzanni sun shafe marasa lafiya, suka warke. Majalisar Vatikan ta Biyu, wato babban taron bishop-bishop na Cocin Katolika, ta faɗa ƙarara a 1963 cewa sakramentin ba na masu gargarar mutuwa kaɗai ba ne, Paparoma Paul na Shida kuma ya sabunta tsarinsa a 1972: a shafa a goshi da hannuwa. Ana ma iya maimaitawa idan ciwo ya tsananta ko ya dawo. Abin da ake maimaitawa ta yaya zai zama sallama?

Abin da ke ƙona mini rai shi ne asarar da wannan tsoro ke jawowa. Mutum yana cikin hayyacinsa, zai iya furta zunubansa, ya karɓi Jikin Kristi, amma dangi su tare ƙofa har harshe ya karye. Wanda ya suma ana iya shafe shi, amma furta zunubi ya wuce shi, guzurin ƙarshe ma, wato Tarayya Mai Tsarki, ba zai iya haɗiyewa ba. Wasu sai rai ya fita suke bugo waya. Gawa ba a shafe ta, addu'a kawai za mu yi mata.

Kada kuma tsoron Fada ya kai ku hannun masu sayar da kwalaben "man warkarwa", waɗanda ke cewa a jingine maganin asibiti. Man da muke amfani da shi Bishop ne ke sa masa albarka a Mako Mai Tsarki, wato makon da ke kai wa ga Ista, ba na sayarwa ba ne, kuma Fada ne kaɗai ke shafawa, ba katikis ba, ba shugaban ƙungiyar addu'a ba. Babu wanda za a hana don ba shi da kuɗi. Shafewa ba ta maye gurbin likita: Baba ya sha maganinsa, a yi masa aikinsa.

Mama kuwa ki bi ta a hankali, tsoron rasa mijinta ne ke damunta. Ki fara tambayar Baba da kansa, tunda sakramentin nasa ne. In ya amince, ku sanar da ma'aikatan jinya lokacin da Fada zai zo, ku ba su wuri su biyu ya furta zunubansa, sannan ku shigo gaba ɗaya, har da baffannin, a yi shafewar a kan idonsu.