Tambayi Bakanike: Prius ko Corolla, wacce zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne, ina zaune a Hotoro, wurin aikina kuma wajen Kabuga. Na sayar da tsohuwar motata na haɗa da kuɗin adashe. Dillali ya nuna mini motoci biyu, dukansu Baljiyam: Corolla ta 2010 a kan naira miliyan 8 da rabi, da Prius ta 2012, wato haibirid mai aiki da mai da kuma lantarkin batir, a kan miliyan 10 da rabi. Ya ce Prius ɗin shinshinar mai take yi, cikin shekara ɗaya zan fanshe ƙarin kuɗin. Idan na haɗa zuwa aiki, kai yara makaranta da zirga-zirgar gida, ina yin kamar kilomita 40 a rana. Kafin in kai miliyan 10 da rabi sai na ci bashi. Wacce zan ɗauka?
*Daga wani makarancinmu a Hotoro, Kano*

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, Corolla za ka saya. Na fara da hukuncin ne don kada ka gaji da karatu kafin ka kai gare shi, amma ka daure ka bi ni, saboda da wani ne ya aiko da wasiƙar nan da wata amsa zan ba shi, kamar yadda za ka gani a tambaya ta biyu.

Dillalinka bai yi ƙarya ba a kan shan mai. A gwajin hukumar kula da muhalli ta Amurka, Prius ta waɗannan shekaru tana yin kimanin kilomita 21 da lita ɗaya, Corolla ta 2010 kuma kimanin 12. A Kano, da gosulon Kurna da Gadar Lado, ga esi a kunne, ga taya ba isasshiyar iska, babu wadda za ta ba ka haka. Ni dai da 18 nake yi wa Prius lissafi, Corolla kuma 10. Inda ya yi maka rufa-rufa shi ne maganar shekara ɗaya.

Ɗauko biro. Kilomita 40 a rana, kwana 25 a wata, kilomita 1,000 ke nan. Corolla za ta sha lita 100, Prius lita 56. Ka tsira da lita 44. Mu sa lita a naira 900 don sauƙin lissafi, kai kuma ka sa farashin gidan man unguwarku. Abin da ya rage maka a aljihu bai kai naira 40,000 a wata ba, a shekara bai cika rabin miliyan ba. Ƙarin miliyan 2 da za ka biya ba zai dawo ba sai bayan shekara huɗu da 'yan watanni, kuma wannan idan motar ba ta nemi komai ba a tsawon lokacin. To za ta nema.

Na fahimci abin da ke jan hankalinka. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Duk wanda ya tsaya a bakin famfo yana kallon lambobi suna gudu, idan aka ce masa ga motar da za ta rage masa kusan rabi, hankalinsa zai tafi can. Sai dai kuɗin mai kullum kake ganin fitarsa, kuɗin batir kuwa rana ɗaya yake zuwa, kuma ba ya sallama.

Babban batirin Prius yana bayan kujerar baya. Ƙananan batura 28 ne aka jera, kowanne bolt 7.2, jimla sama da bolt 200 kaɗan. Shi ke juya injinan lantarki biyu da ke taimakon injin mai, shi ke ajiye ƙarfin da ake tarawa idan ka taka birki, shi ya sa injin ke iya mutuwa a danja esi na ci gaba da aiki. A Amurka, garantin da Toyota ta ba batirin motocin wancan lokaci a yawancin jihohi shekara 8 ne ko mil 100,000. Motar 2012 ta fita daga garanti tun 2020. Wato batirin da za a sayar maka ya riga ya ci rabonsa a wata ƙasa, ka ɗauko shi ka kawo shi garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, alhali babu abin da ke tsufar da batir kamar zafi.

Ga kuma ƙura. Batirin yana shan iska ne daga cikin mota, ta wata 'yar taga a gefen kujerar baya, wata ƙaramar fanka na ja. An taɓa kawo mini wata Prius a ƙarshen hunturu, jan alwatika ya kama a allon gaba, mai ita har ya fara tambayar kuɗin batir. Da muka kwance fankar sai muka tarar ƙura ta daskare a jikinta kamar an shafa laka, ga gashi, ga ledar biskit. Iyalinsa kuma kullum a daidai bakin tagar suke jingina jakar goyo. Wannan ya yi sa'a, wanke fanka kawai ya biya. Da ya ƙara wata biyu yana tuƙi a haka, da wani labarin ake.

Idan batir ya gaza, kwamfuta za ta nuna lamba P0A80. A nan ne za ka haɗu da masu cewa “sel ɗaya ne ya mutu, mu canza shi”. Za su sa maka wani tsoho da aka ciro daga wata motar, fitila ta mutu, ka tafi da murna. Bayan 'yan watanni na kusa da shi ya bi sahu, domin duk sa'annin juna ne. Gyaran da ke ɗorewa shi ne a canza jerin gaba ɗaya, kuma ina ba duk mai son haibirid shawara ya je ya tambayi kuɗin wannan tun kafin ya biya kuɗin mota, ya ɗora shi a kan farashinta. Wannan ne ainihin kuɗin motar.

Ba batir kaɗai ba. Prius ta 2010 zuwa 2015 an san ta da toshewar hanyar da ke mayar da hayaƙi cikin injin, wadda ake kira EGR. Idan ta toshe aka ƙyale, gasket ɗin kan injin ne ke ƙonewa. Alamarsa ita ce injin ya riƙa jijjiga da ƙara da sassafe, ruwan lagireto kuma yana raguwa ba ka ga inda yake zuba ba. Akwai kuma famfon birki na lantarki, wanda idan ya fara yawan gurnani kana tsaye, ka fara tanadi. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne esi. Kwamfuresan Prius da lantarkin babban batir yake aiki, kuma mai na musamman yake sha, ND-11. Mai gyaran esi na bakin titi da bai san haka ba zai ɗura masa man da yake sa wa kowace mota, man ya lalata rufin wayoyin ciki, motar ta ji lantarki na zurarewa ta ƙi tashi. Na ga wanda ya je ƙarin gas na 'yan dubbai ya ƙare da sayen kwamfuresa.

Kada in zalunci motar. Toyota ta fara sayar da Prius a Japan tun 1997, ba gwaji ba ce. Ba ta da sitata, ba ta da altaneta, ta 2012 ko fanbel ba ta da shi. Takalmin birkinta yana daɗewa ƙwarai saboda injin lantarki ne ke yin yawancin tsayarwar. Giyarta da wuya ka ji ta lalace. A birnin Amman na Jodan haibirid ta cika tituna, har da masu haya, amma can masu gyara da masu sayar da batir sun bi motar sun yawaita. A nan har yanzu da yatsu ake ƙirga waɗanda suka san ta da gaske, kuma a manyan birane suke.

Corolla kuwa, idan ta tsaya maka a Wudil ko Birnin Kudu ranar jajibirin Sallah, yaron gareji ma zai buɗe ta ya gane. Kayanta suna nan jibge a Kofar Ruwa, sabo da na Baljiyam. Ranar da wata lalura ta taso, kafin la'asar ka samu mai saye. Mai cin bashi don ya sayi mota yana bukatar irin wannan.

Amma kada sunan Corolla ya sa ka yi cinikin biri a sama. Ka ɗauki lambar VIN, wato lambar shasi, ka duba tarihinta a intanet, domin da yawa daga gwanjon motocin haɗari da na ambaliya ake sayo su a Amurka, kuma mayar da mita baya ya zama ruwan dare. Ka ɗaga kafet ka shinshina. Ka sa a leƙa ƙasa a tabbatar ba a cire indomin salansa, wato matatar hayaƙi, ba, a duba famfon ruwa ko yana tsatsafa, don na waɗannan shekarun yana da wannan hali. Ka ga takardun kwastan da idonka. Kuma bakaniken da zai duba maka ya zama naka, ba wanda dillali ya kira ba.

Tambaya: Oga, ni haya nake yi ta manhajar waya a Abuja, daga Kubwa zuwa cikin gari, wani lokaci filin jirgi. Ina yin kilomita 150 a rana, kwana 26 a wata. Mai yana cinye kusan rabin abin da na samu. Abokaina suna tsorata ni da maganar batir. In sayi haibirid?
*Daga wani direba a Kubwa, Abuja*

Amsa: Ɗan'uwa, saya. Lissafin da ya hana mutumin Hotoro shi ne ya ba ka. Kilomita 3,900 kake yi a wata. Corolla za ta sha lita 390, Prius kimanin 217. Bambancin lita 173 ne, a naira 900 ya haura naira 150,000 duk wata. Ko da ƙarin miliyan 2 ka biya, cikin wata 13 zuwa 14 ya dawo. Kuma haibirid ta fi son wanda ke mora ta kullum. Wadda ake ajiyewa makonni a rana ba a tayarwa ita ce batirinta ke saurin lalacewa. Ka dai sani a dogon titin filin jirgi, inda kake gudu ba birki, ribar tana raguwa. Cikin gari da tsaye-tsaye ne take nuna kanta.

Sharaɗina uku ne, kuma na farkon ya fi sauran nauyi. Kada ka biya ko sisi sai an jona kwamfuta an ga ƙarfin kowane rukuni na batirin, motar tana tafiya, esi a kunne, ba tana tsaye a filin dillali ba. Akwai manhajar waya mai suna Dr. Prius da ke aiki da 'yar na'urar OBD2 mai araha da ake jonawa a jikin motar don karanta kwamfutarta, tana nuna maka ko wani rukuni ya faɗi ƙasa da 'yan'uwansa. Ka lura, ana goge lambar matsala kafin mai saye ya zo, fitila ta ɗauke na kwana biyu. Idan mai mota ya hana ka yin tafiyar minti 30 da ita, ka yi masa sallama.

Na biyu, ka samo mai gyaranta tun kafin ka saye ta. Ka shiga Apo ka tambayi masu Prius da Camry haibirid wa ke duba musu, ka je ka ga aikinsa. Duk wanda ka ga yana shirin taɓa wayoyin babban batir masu ruwan lemo da hannu tsirara, ba tare da ya cire fulogin tsaro na batir ba, ɗauke motarka, don ransa da naka. Na uku, daga cikin 150,000 ɗin nan ka riƙa ware kashi ɗaya bisa uku duk wata a asusun da ba ka taɓawa. Na batir ne. Baƙin mai kuma 0W-20 take sha, kada a zuba mata mai kauri da sunan wai ƙasarmu da zafi. A wanke fankar batir duk ƙarshen hunturu, a wanke EGR da zarar ka saya.

Wasu za su ce ka sayi Corolla ka mayar da ita gas na CNG. A Abuja wannan magana ce da za a saurara, tunda akwai wuraren ɗurawa. Sai dai tukunyar za ta cinye maka but, kai kuma mai ɗaukar fasinjan filin jirgi ne da akwatunansu, ga layin da za ka bi lokacin da ya kamata kana kan hanya.

Tambaya: Malam, maigidana yana so ya saya mini haibirid, amma unguwarmu sai mu kwana uku ba wuta. Da me zan yi cajinta? Kuma da damina layinmu yana cika da ruwa.
*Daga wata Hajiya a Gusau*

Amsa: Hajiya, ba ruwanki da NEPA. Haibirid irin Prius ta gama-gari da Camry da Corolla haibirid ba a jona su a bango, injin da birki ne ke yi musu caji. Mai kawai za ki sha kamar kowa. Akwai wani nau'i da ake jonawa, za ki gane shi da murfi na biyu a jikin motar ban da na tankin mai; wannan ki bar shi. Kada dai ki bari mai ya ƙare ƙaf ki ci gaba da lallaɓawa da lantarki, domin babban batirin ne ke tayar da injin, idan ya zube ba a tura ta ta tashi, kuma cajar da ke farfaɗo da shi ba a kowane gari ake samunta ba.

Ruwan sama ba ya yi mata komai, wanki ma haka. Ruwan da ya kai ya shigo cikin mota har ƙarƙashin kujeru shi ne matsala. Idan layinku yana kaiwa haka a watan Agusta, ki gaya wa Alhaji ya fara tambaya ko akwai mai gyaran haibirid a Gusau. Idan amsar ita ce sai an kai Kano ko Kaduna, ya sayo miki Corolla.