Ina Kyautar Asibitin Gwamnati?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Watan jiya na kai matar ɗana haihuwa asibitin gwamnati. An ce kyauta ne, amma sai da muka sayi safar hannu da auduga da ledar ƙarin ruwa. Maƙwabciyata kuwa a asibitin kuɗi ta haihu, ta biya da yawa amma ba ta sha layi ba. Wanne ya fi sauƙi a gaskiya? Hajiya, daga Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya abin da aka samu. Na yi shekaru ina aiki a ɗakin magani na wani asibitin gwamnati. Ba na manta magidancin da ya tsaya bakin taga, ya ƙirga canjin aljihunsa sau biyu, sannan ya yi ƙasa da murya ya ce in ba shi rabin maganin yarinyarsa, sauran sai ranar kasuwa. Har yau abin yana cin raina.

Gwamnati ce ke biyan albashin likita da ungozoma, ita ta gina ɗakin haihuwar. Kayan da ke ƙarewa kullum su ne kuɗinsu ba ya isowa kan kari, sai nauyin ya faɗo kanki. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja za su riƙa ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, amma kasafin tarayyarmu ya daɗe yana kewaya kashi 5. Shi ya sa fiye da kashi 70 na abin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun marasa lafiya yake fitowa. Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗanɗana irin wannan: a 2005 da 2006 aka ce masu tiyatar haihuwa da yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta, gwamnati ta riƙa jinkirin biyan asibitoci, magani ya riƙa yankewa.

Asibitin kuɗi kuwa komai a kanki yake: haya, dizal, albashi, da ribar mai shi. Kuma idan haihuwa ta zo da gardama, da yawansu babban asibitin gwamnati suke turawa. Don haka a lissafina na gwamnati ya fi sauƙi, ko da an haɗa da kuɗin safar hannun.

Abin da nake roƙonki shi ne inshora. Kamar adashi take, kowa ya zuba kaɗan yana da lafiya, wanda ciwo ya kama ya ɗauka. Dokar NHIA (hukumar inshorar lafiya ta ƙasa) ta 2022 ma ta wajabta ta. Ki tura ɗanki ofishin hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiharku tun kafin wani cikin, ya tambayi nawa ake biya a shekara, wane asibiti kusa da ku ke karɓar katin, kuma ko tiyatar haihuwa na ciki.