Tambayi Likita: Daskarar da ƙarin ƙoda

Tambaya: Likita, an gano wa mahaifina sankarar ƙoda, shekararsa 74, girman ƙarin (tsiron sankarar) santimita 3 ne. Wai za a daskarar da shi maimakon tiyata. Yana yiwuwa?

Amsa: Ƙwarai kuwa, 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Siraran allurai ake sokawa ta kwiɓi, na'urar CT mai ɗaukar hoton cikin jiki na nuna hanya. Iskar argon ta sanyaya bakinsu ƙasa da digiri -40, ƙanƙara ta lulluɓe ƙarin, a bari ta narke, a sake daskarewa, ƙwayoyin sankarar su mutu. Ga dattijo irinsa, ko mai ƙoda ɗaya, ni na fi son haka. Yawanci washegari yana gida. Ƙarin da ya wuce santimita 4 kuwa, galibi sai tiyata. Sai dai yakan ɗan fi dawowa bayan daskarewa, kada ku yi wasa da ranakun komawa hoto.